Tambaya da Amsa: Me ya sa tamagoyaki na ke ƙonewa kuma yake wargajewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Don Allah ina son koyon wainar ƙwan nan ta Japan mai zaƙi da ake naɗewa, tamagoyaki, amma kullum sai ta yi baƙi ta waje kuma tana yagewa wajen naɗi. Sannan na ga ana saka wani abu wai shi mirin, mene ne shi, dole ne?

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar uwa. Bari in fara da mirin ɗin tunda shi ne mai buƙatar a yi hattara. Mirin wani ruwa ne mai zaƙi da ake yi da shinkafa, kuma na asalin yana da giya a ciki kusan kashi 14 cikin 100, don haka ki bar shi kawai, ba dole ba ne sam. Zaƙi da ɗan sheƙi yake kawowa, suga da ruwa sun isar miki.

Ga haɗin da nake so: ƙwai 3, suga babban cokali 1, soya sos ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan tsunkule, sai ruwa babban cokali 2. Su can Japan maimakon ruwa dashi suke sakawa, wato romon da ake yi da ganyen teku kombu da busasshen kifi katsuobushi. Mutanen yankin Tokyo su ne masu son ta da zaƙi, su kuwa na Osaka da Kyoto sun fi cika mata dashi su rage suga, suna kiranta dashimaki, tana da laushi sosai amma ta fi wuyar naɗi, kar ki fara da ita yanzu.

To maganar ƙonewa, suga ne da wuta. Ƙwan da aka sa wa suga yana saurin kamawa fiye da wainar ƙwan da muka saba, in kika cika wuta kafin ki ankara ƙasan ya yi baƙi saman kuma ruwa ne tsululu. Matsakaiciyar wuta za ki sa, ki ɗiga ɗan ƙwai a kasko, in ya yi ƙara cuu nan take to ya yi, in kika ga zafin na neman yin yawa ki ɗaga kaskon daga kan wuta na ɗan lokaci maimakon ki ta murɗa gas. Soya sos ma in ya yi yawa yana ɓata kalar, ya mai da ita ruwan ƙasa.

Wajen kaɗawa kar ki buga shi har ya yi kumfa, ki dai farfasa farin ya haɗe da gwaiduwa, sai ki tace a rariya, wallahi wannan tacewar kaɗai tana canza abin.

Yagewa kuma yawanci ko ƙwan ya yi kauri a kasko ko kin bari ya bushe kafin ki naɗe. Ki naɗe tishu ki tsoma a mai ki shafe kaskon, ki raba ƙwan kashi 3 ko 4, ki zuba kashi ɗaya ya bazu siriri, in kumfa ya taso ki huda shi. Da ƙasan ya kama, saman yana ɗan danshi yana sheƙi, nan ne lokacin, ki naɗe shi kamar tabarma daga can ƙarshe zuwa wajenki, danshin nan shi ne ke manne shi. Ki tura naɗin can gefe, ki sake shafa mai, ki zuba kashi na biyu, sannan ki ɗan ɗaga naɗin farko ƙwan ya shiga ƙarƙashinsa, wannan wajen mutane da yawa ke tsallakewa shi ya sa nasu ke rabewa gida-gida. Naɗin farko ko ya yi muni kar ki damu, a ciki zai ɓuya.

Kaskonsu mai kusurwa huɗu ne, makiyakinabe, amma ƙaramin kasko zagayayye wanda ba ya kamu ma ya yi, sai ki yanke bakin wainar biyu. Da zafinta ki naɗe ta a tishun kicin ki ɗan matsa ta ɗau siffa, ki bar ta kamar minti 5 kafin ki yanka, in kika yanka da zafi za ta farfashe miki.