Dutsen Agadez da aka sayar a Amurka: da gaske daga duniyar Mars ya faɗo?

Tambaya, daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram: Assalamu alaikum, Malam. Mun ji a rediyo an tsinci wani dutse a jihar Agadez, an sayar da shi a Amurka da maƙudan kuɗi, wai daga duniyar Mars ya faɗo. Zinariya ce a cikinsa? Kuma ta yaya aka san daga can yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Labarin gaskiya ne. A watan Nuwamban 2023 aka tsince shi, nauyinsa kilo 24 da ɗoriya, aka yi gwanjonsa a New York a watan Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3. Ba a taɓa samun guntun Mars mai girmansa a doron ƙasa ba. Sai dai ba don zinariya aka saye shi ba. Narkakken dutse ne da ya huce ya daskare, cike da olibin da piroksin, ma'adanai masu ƙarfe da magnesiyam. Wani ƙaton dutsen sama ne ya faɗa wa Mars, ɓarɓashi ya yi tsalle zuwa sarari, wannan ya ƙare a hamadarmu.

Shaidar kuwa iska ce. A 1976 na'urorin Viking, waɗanda aka aika suka sauka a Mars, suka auna iskarta. A 1983 aka gano iska maƙale cikin wani dutse da aka tsinta a Antatika, aka gwada, ta yi daidai da waccan. Tun daga nan, duk dutsen da sinadaransa suka zo ɗaya da na zuriyar wancan dutse na Antatika, an san daga Mars yake.

Ka dubi manyan duwatsun da ke unguwarku. Giranit ne, kuma da wuya ka sami irinsa a Mars. Can baƙin dutsen aman wuta ne, basalt, ya rufe ƙasa. Jan da muke hangowa tsatsa ce, kamar ta marmarar da ake zubawa a hanya, kuma a sama-sama take. Da na'urar Curiosity ta huda wani dutse a 2013, garin da ya fito ruwan toka ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yumɓu. Masu ginin tukwane na Mirriya sun san a bakin ruwa ake haƙo shi, domin sai ruwa ya daɗe yana cin dutse kafin ya zama yumɓu. To, a tsofaffin sassan Mars, waɗanda suka haura shekara biliyan 3.7, akwai shi da yawa, ga busassun koramu, ga guraben tafkuna irin Jezero inda na'urar Perseverance ta sauka a 2021. Daga baya ruwan ya ja, ya yi tsami, ya bar gishirin sulfat, yadda tafki ke barin kanwa in ya ƙafe. Irin wannan gishirin na'urar Opportunity ta tarar a 2004. Sannan sanyi da fari da ƙura suka karɓe, har yau. Dalili, Mars ƙarama ce, faɗinta kusan rabin na duniyarmu. Maganaɗisun da ke kare ta ya mutu kimanin shekara biliyan 4 da suka wuce, iskar rana, wato ɓarɓashin da rana ke fesowa, ta yi ta zaizaye iskarta.

Wutar cikinta dai ba ta mutu da wuri ba. Yawancin duwatsun Mars da ke zuriya ɗaya da na Agadez ba su kai shekara miliyan 600 ba, wato aman wuta ya ci gaba bayan ruwa ya daɗe da ƙafewa.

A 2025 gwamnati ta buɗe bincike kan yadda dutsen ya fita daga Nijar, ta kuma dakatar da fitar da irinsa. Ni abin da ke yi mini ciwo, ɗalibanmu ba su taɓa shi da hannunsu ba. In ka tsinci baƙin dutse mai nauyin da ya fi girmansa, mai ɓawo kamar ƙonanne, kada ka fasa shi, kada ka wanke shi. Ka lura da wurin, ka kai shi ofishin ma'adinai na jiha.