Re: Charizard mai hatimin STAFF, na haska tocila ya wuce, in biya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana na faɗuwa, don kusan kalma da kalma abin da aka yi min ne. Ka ce katin Pokémon ne, Charizard na jerin Evolutions mai hatimin STAFF, wato irin wanda ake ba ma'aikatan taron wasan, an sa maka shi rabin kuɗinsa, mai shi ya ce wani ma'aikacin shago ne ya ba shi, ka haska tocila haske bai ratsa ba, kana tambaya ko ka biya. Dan Allah ka dakata tukun, kar ka tura ko sisi.

Tocilar nan ba abin da ta gaya maka illa takardar katin ta gaske ce, wato akwai baƙin layin nan na tsakiya. To ai su waɗannan mutanen sun daina ɓata lokacinsu wajen buga jabun kati, katin gaske suke saye, na prerelease ɗin, wato taron da ake yi kafin sabon jeri ya fito kasuwa, da aka raba wa 'yan wasa a 2016 mai tambarin Evolutions a jikin hoton, sai su ɗora masa STAFF ɗin nan mai ruwan gwal da kansu, shikenan kuɗi ya ninka. Ka auna shi a sikeli daidai ne, ka sa ruler 63 da 88 milimita cif, ka duba shuɗin bayan lafiya lau, komai zai wuce don ba a nan ƙaryar take ba.

Ni nawa na jerin Vivid Voltage ne, na 2020, shi ma Charizard, mai lamba SWSH066. Mutumin da ya sayar min sai da ya ɗau makonni yana jana a jiki, ya fara sayar min da ƙananan katuna duk masu kyau, har kyauta yake sako min a ambulan, in na yi shiru ya turo saƙo yana tambayar ya karatu ya sanyin Ingila. Rannan ya ce ai yana da wani abu da bai nuna wa kowa ba, mahaifiyarsa ce ba lafiya shi ya sa zai rabu da shi, kuma ni yake so ya shiga hannuna saboda na san darajarsa. Ya ce in tura kuɗin ta PayPal friends and family, hanyar tura wa 'yan'uwa da abokai, kar a cire masa kaso, ai mun zama ɗaya. Kuɗin hayar ɗakina ne na wata guda fa. Na tura katin wa kamfanin tantancewa, na biya kuɗin aikawa da inshora da nasu, ina ta jira wata da watanni kullum sai na buɗe shafin, ranar da kwalin ya iso har bidiyo na kunna zan turo muku nan, ina buɗewa na ga kati a ledarsa yadda na tura shi, ba a sa shi a robar da suke rufe katin da ya tsallake tantancewa ba, da 'yar takarda wai an yi wa katin ƙari. Na zauna a ƙasa na rasa abin da ke min daɗi. Na tura wa mutumin hoto, ya karanta, ya ce shi ma haka aka sayar masa, na ce to mu raba asarar, kafin in gama rubuta na biyu ya toshe ni. Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne, mahaifiyar nan da ya sa a ciki, har addu'a na yi mata wallahi. Bayan 'yan kwanaki na ga irin hotunansa, tebur ɗaya, labule ɗaya, da wani suna daban yana tallan wani STAFF ɗin. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To abin da za ka yi. Ka shiga shafin PSA ko CGC, kamfanonin tantance kati, ka nemo hotunan wannan katin da suka riga suka tantance, kar ka tsaya a guda ɗaya, ka tara da yawa, ka buɗe su babba kusa da naka. Ka kalli siffar haruffan, kaurin S ɗin, tazarar da ke tsakanin F da F, da inda hatimin ya zauna daga bakin hoton. Na gaske ma yakan ɗan gusa kaɗan, don haka gusawa kawai ba hujja ba ce, amma siffar harafi ba ta canzawa. Nawa da na dawo na sa masa madubin nan na masu gyaran agogo sai ga gefen haruffan duk tsage-tsage, gwal ɗin ya ɗan malala waje, launinsa ma ya fi na gaske ja. Ka sayi madubin nan, ba shi da tsada. Ka ce ya yi maka bidiyo yana karkata katin a hasken taga, gaba da baya, da takarda a gefe mai sunanka da kwanan wata, ka duba bayan daidai saitin hatimin ko ya kumbura don wasu da ƙarfi suke dannawa. In ya fara cewa kyamararsa ba kyau ko akwai wani mai saye yana jira, biri ya yi kama da mutum.

Sannan kafin ma duk wannan, kowane kati mai hatimi ka fara tambayar kanka shin an taɓa fitar da shi da wannan hatimin kuwa. Naka an fitar, ba matsala. Amma na sha ganin ana tallan abin da bai taɓa wanzuwa ba. Zamanin Wizards of the Coast, kamfanin da ya fara buga katunan Pokémon na Turanci, katunan PRERELEASE sanannu ne, Clefable na Jungle, Aerodactyl na Fossil, Dark Gyarados, Misty's Seadra, sai Raichu ɗin nan da aka shekara da shekaru ana gardama a kansa wanda ni da kai ba za mu tsince shi a araha ba. Hatimin fim ɗin Pokémon na farko na 1999 guda huɗu ne, Pikachu, Mewtwo, Electabuzz, Dragonite. Haka hatimin 1st Edition na Base Set na Turanci, wato bugun farko na jerin farko, in ka ga hatimin a kan kati mai inuwa a gefen hoton ka gudu, in ba Machamp ba, shi kaɗai ne ke zuwa haka. Shafin Bulbapedia na da jerin duka, minti biyar ya ishe ka.

Kuma masu cewa ai a sayi na cikin roba kawai a huta, ni dai na fi yarda da shi amma ba ido rufe ba, robar ma ana yin jabunta, a kwafi lambar satifiket ta gaske a manna. Ka sa lambar a shafin kamfanin ka ga ko hoton da ya fito shi ne katin da ke gabanka, har ɗan tabon da ke kusurwa. Kun dai tuna abin da ya faru farkon 2025 da katunan gwajin nan da aka ce na 1996 ne, suna cikin roba an sayar da su kuɗi masu yawa, sai masu bin ƙwaƙƙwafi suka gano ɗige-ɗigen rawaya da firinta ke bari suna nuna 2024. Ranar sai na ɗan ji sanyi, na ce ashe ba mu ƙanana kaɗai ake yi wa ba.

Rabin kuɗin nan shi ya fi damuna, banza ba ta kai zomo kasuwa, wanda ya san STAFF ya san farashinsa. In duk da haka ranka na so, ka biya ta PayPal goods and services, hanyar biyan kuɗin kaya, ko da kai za ka ɗau kason, akwai wa'adin kai ƙorafi, kuma ka tura tantancewa da wuri kar jira ya cinye kwanakin. Ka sa ya rubuta maka a saƙo cewa in masu tantancewa suka ƙi shi zai maido kuɗi. Labarin ma'aikacin shago kuwa ka tambaye shi wane shago, wane gari, ka ji ko zai amsa kai tsaye.

Ka turo mana hotunan nan, na kusa sosai ba screenshot ba, da sunan da yake amfani da shi ta inbox kar ka sa a fili. Ina son in ga teburin da ya ɗora katin a kai.