Ina fita da ita cin kaza, ta ce kada in haɗa da girkinta

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya. Ni magidanci ne a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maraɗi, ina sayar da kayan gyaran babur, muna da yara biyu. Sau biyu a wata nakan ɗauki maiɗakina da dare mu je restora mu ci gasasshiyar kaza ko zabo, kuma ba na tashi ƙasa da jaka goma. Abokaina a fada har tsiya suke yi mini, wai na zama mijin-ta-ce. Kwanaki muka samu saɓani, na ce mata yadda take dafa mini a gida, haka ni ma nake ciyar da ita a waje, kowa ya yi nasa. Sai ta ce kada in sake haɗa fitar nan da girkinta, kuma tun ranar ta ce ta yafe fitar. Hajiya, kuɗin fita ɗaya ya fi cefanen kwana uku. Ina laifina?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da wannan fita da kake yi da iyalinka, kuma kada surutun fada ya sa ka daina. Muslim ya ruwaito cewa wani maƙwabcin Annabi (SAW), mutumin Farisa da ya iya miya, ya gayyace shi cin abinci, Annabi ya nuna Nana A'isha ya tambaya ko har da ita. Mutumin ya ce a'a, shi ma ya ce to ba zai je ba, sai da aka gayyace su tare suka tafi. Wanda ya yi maka dariya ka ba shi wannan labari.

Amma maganar da ka faɗa mata ba daidai ba ce, kuma da ni ce ma sai ta yi mini zafi.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, zo mu yi lissafi. Ko da sau biyu kawai take ɗora tukunya a rana, a wata ta ɗora sau 60. Kai ka fita da ita sau 2. Ba a nan kaɗai gizo yake saƙa ba. Tuwon da kake ci a gida naku ne ku biyu: hatsin da kuɗin cefanen naka ne, ciyarwa kuwa wajibi ce a kanka, ita kuma ta zuba ƙarfinta da lokacinta. Kazar restora kuɗinka ne da aikin wani. Ka zauna, an kawo, ka ci, ka biya, ka wanke hannu. Ita kafin tiya guda ta zama tuwo sai an surfa, an wanke, an shanya, an kai inji, an tankaɗe, an yi talge, an tuƙa, an kwashe. Miya kuma nata aikin daban, wanke-wanke yana jira bayan kowa ya ƙoshi. Ka taɓa tsayawa a madafi da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi yake haura maki 40, ga hayaƙin icce yana shiga ido? Ni na tsaya, kuma na san mata da yawa da tarin da suke fama da shi daga murhu suka samo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara.

Ga wata tambaya da nake so ka ba kanka amsa tsakaninka da Allah. Daren da kuke fita, me yara suke ci? Na tabbata sai ta dafa musu, ta yi musu wanka, ta kai su gidan kaka ko maƙwabta, sannan ta shirya ta hau bayan babur. Ke nan ko a ranar fitar ba ta huta da murhu ba. Kuma kada ka yi mamaki idan cefanen da kake cewa na kwana uku ba ya kai kwana ukun. Mata da yawa a garin nan daga kuɗin adashensu, ko ribar ƙuli-ƙuli da ƙanƙarar da suke sayarwa, suke cika daddawa da manja da ɗan nama, ba tare da maigida ya sani ba, don kada a ga gazawarsa.

Abin da ya fi ɓata mata rai, a ganina, shi ne ka mai da kyauta bashi. Duk daren da ta zauna gabanka tana murna, ta ɗauka so ne ya sa ka fito da ita. Da ka buɗe baki ranar faɗa, sai ta gane ashe kana rubutawa, kamar mai shago da littafin masu cin bashi. Shi ya sa ta yafe fitar: ba ta son cin kazar da za a goranta mata gobe. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 264, kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. In an hana yi wa bare gori, ina ga uwar ƴaƴanka?

Ban ce jaka gomanka banza ba ce. Na san yadda ake wuni a shago kafin a haɗa ta, balle yanzu da ciniki ya yi sanyi. In ƴata tana karanta wannan shafi, ke ma ki ji: mijin da ya bar fada ya zauna da ke a gaban mutane kuna ci a faranti ɗaya, ya yi abin da maza da yawa ba sa yi, ki gode masa da bakinki. Fitar tana ba ku abin da girkin gida ba ya bayarwa a yawancin gidajenmu, inda namiji yake ci shi kaɗai ko da baƙi a zaure, mace kuma ta ci a tsaye tana korar yara daga bakin wuta. A wurin fitar ne kuke samun awa guda ta hira ba mai kiran wani. Wannan abu ne mai daraja, sai dai ba ya zama ladan girki.

Yanzu abin yi. Ka same ta a ɗaki, ba gaban yara ba, ka ce mata maganar nan kuskure ce, ka janye ta. Kada ka haɗa da “amma ke ma”. Bayan haka ka tambaye ta abin da ya fi mata daɗi, don wataƙila ba kai ka sani ba. Wata za ta zaɓi fita ɗaya a wata, kuɗin ɗayar a cika mata tukunyar gas ta rabu da hayaƙi. Wata ta fi son ranar Juma'a ka shigo da balangu ko kifin Madarumfa wanda zai ishi gidan duka, ka kuma sanar da ita tun safe don kada ta hura wuta. Wannan sanarwar ita ce muhimmiya: in ka shigo da leda bayan ta gama tuƙa tuwo, aikinta ka zubar.

Sannan ranakun da ba ku fita, ka rage cin tsire a fada, ka dawo gida da yunwarka, ka ci abin da ta dafa da zafinsa, ka ce mata sannu da aiki. In gishiri ya yi yawa ka yi shiru, don an ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Idan ka yi wata guda a haka ba ta sauko ba, ka sake rubuto mini, domin a lokacin akwai wata magana a ƙasa da ba ta abinci ba.