Sallama da malamin fiyano

Ɗan'uwa, ka ce malamin da ya daɗe yana koya maka fiyano a Birnin Kebbi zai koma garinsu, kana tambayar me za ka ba shi. Shadda da turare ba laifi, amma ni dai ka zauna gabansa ka kaɗa masa waƙar farko da ya koya maka, wadda a da hannun hagunka ke ƙin bin na dama. Mutumin da ya zaga da yatsunka kan maɓallai 88 ɗin nan, kunnensa za ka faranta wa. Ka nemi yafiyarsa. Kuma ka tambaye shi wa zai riƙa saita maka fiyanon, don bushewar hunturu na sauya sautinsa.