Maganar albashin farko

Ɗana na ga saƙonka tun jiya da daddare, wai kana tambaya ko dole ne sai ka ɗauki albashinka na farko ka kawo gida an raba, ko zai wadatar ka tura wa babanka ta waya kawai ya ga alat. Wallahi da na karanta sai da na yi murmushi, amma kuma na kwana ina juya maganar a raina.

Ni a 1973 na karɓi nawa, shekarar da aka canza kuɗi aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, lokacin ina aiki a masaƙa a Kakuri can Kaduna. A ambulan aka ba mu, sababbi fil. Ban taɓa ko sisi ba, na ɗinke shi a cikin aljihun ƴar shara, ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Zariya, daga nan na kama na Gusau na sauka a Funtuwa, kuma ka san shekarar fari ce, gero ya yi wuya, tun daga tagar jirgi kana ganin gonaki a bushe. Na isa bayan isha'i na durƙusa na miƙa wa kakanka, Allah ya jiƙansa. Bai buɗe ba, ya tura ƙarƙashin buzunsa ya ce je ka ci tuwo. Sai da aka yi sallar asuba ya aika aka kira yayansa, suka zauna a zaure suna lissafi da tsohon kuɗi, naira biyu fam ɗaya, suna kasawa ƴan kashi-kashi a kan tabarma, kowane kashi da goronsa biyu, sannan ya ce ni zan kai wa kowa da ƙafata.

Har da wata tsohuwa maƙwabciyarmu wadda ba mu haɗa komai da ita ba, ita ce ke ba ni ɗumame da safe in zan tafi firamare. Sule biyar ne rabonta. Ta riƙe kuɗin tana jujjuyawa don ba ta taɓa ganin irinsa ba, sai ta kama kaina da hannu biyu tana ta addu'a hawaye na zuba, har yau in na tuna ina jin sanyin tafin hannunta. Da na dawo na ce Baba ai ita ba dangi ba ce, ya ce alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kai kaɗai ka yi kanka?

Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, ya zo a 1975 mun ga halin ɗan Adam, wanda jiya kuke cin kwano ɗaya yau ya sayi babur da rediyo ba ya amsa gaisuwa. Kakarka takan ce duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya, kuma mun gani da idonmu da masaƙun suka rufe, waɗanda suka riƙe gida su ne suka sami inda za su koma.

Ku yanzu komai a waya, ta'aziyya a waya, barka a waya, mutum ya sami aiki mutanen Facebook sun sani kafin gwaggonsa ta ji. Abin yana damuna gaskiya, don mu an ce mana zumunci a ƙafa yake. Ban ce maka farilla ba ne, kuma na san kuɗin mota ya yi tsada ga haya tana jiranka. Amma gwaggonka ta Bakori kullum sai ta tambaye ni kai, idonta ma ya fara rauni. In za ka taho Juma'ar nan ka faɗa min in sa a ajiye maka fura, kuma ka tsaya a tasha ka sayo goro fari, shi take so.