Filin Tambaya da Amsa: Fitilar Mota Ta Yi Hazo, Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Fitilun gaban motata sun yi rawaya, sun dushe, da dare sai in ga kamar ban kunna su ba. Na sauya ƙwai, amma babu abin da ya canza. Ana iya gyara su, ko sai na sayi sababbi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙwan ba shi da laifi, ka daina sayen wani. Abin da muke kira gilashin fitila, a yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau, ba gilashi ba ne. Roba ce mai tauri da ake kira folikabonet. Tana jure duka, amma ba ta jure rana. Shi ya sa tun a masana'anta ake shafa mata siririn fenti marar launi domin ya tare hasken UV, wato sashen hasken rana da ido ba ya gani, wanda ke lalata roba. Yau da gobe rana tana cin fentin nan, ƙura da tsakuwar hanya suna dukansa, har ya mutu ya fara ɓarewa. Rawayan da kake gani shi ne mataccen fentin da kuma saman robar da ta fara lalacewa. Hasken yana fitowa, sai dai yana watsewa tun bai kai kan titi ba. A 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna fitilun da suka dushe, ta samu kashi 22 cikin 100 kawai suke bayarwa na hasken sabuwar fitila. Waɗanda aka goge kuwa sun dawo kusan kashi 70.

Kafin ka fara komai, zuba ruwa a kan fitilar. Idan ta yi garau muddin tana jiƙe, kuma farce yana jin kaushi a samanta, to ɓarnar a waje take, hannunka zai iya gyara ta.

Ka tanadi samfefa irin wadda ake aiki da ita da ruwa, lamba 800, 1500, 2000 da 3000. Idan fentin ya ɓare sosai har ya yi ɓawo, ƙara da lamba 600. Ka jiƙa su a ruwa na minti 10 zuwa 15. Wanke fitilar da sabulu, ka busar, sannan ka zagaye ta da salatif na takarda irin na masu fenti, ninki biyu, domin samfefa ɗaya tak da ta zame ta taɓa jikin mota za ta bar maka aikin da ya fi wanda ka fara. A inuwa za ka yi, fitilar tana sanyi.

Fara da mai kaushi, wato mafi ƙanƙantar lamba, kana gogawa daga hagu zuwa dama, a miƙe, ba da'ira ba, ɗaya hannun yana fesa ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ka sa ido kan ruwan da ke gangarowa, shi ne zai gaya maka inda kake. Da farko zai fito rawaya-rawaya: tsohon fentin ke nan yake fita. Kada ka bar wannan lamba sai ruwan ya koma fari kamar madara a ko'ina, har lungunan gefe. Share, ka duba a bushe. Ya kamata fitilar gaba ɗaya ta yi fari-fari iri ɗaya, babu wani tabo mai sheƙi. Tabo mai sheƙi yana nufin tsohon fenti ya rage a wurin, kuma zai bayyana a ƙarshe kamar taswira. A nan mutane da yawa ke tsorata, don fitilar ta fi dā muni. Haka ake so.

Daga nan ka hau lamba ta gaba, ka juya hannu zuwa sama da ƙasa. Hikimar juyawar ita ce, duk layin da ka gani a kwance, ka san na samfefar baya ne, bai fita ba tukuna. Kowace lamba aikinta shi ne share zanen wadda ta gabace ta, don haka tsallake daga 800 zuwa 3000 asarar lokaci ce. Kamar minti biyar kowace lamba ya isa, amma ta farko takan ci fiye da haka. Bayan 3000 sai a shafa man goge fenti a ƙyalle mai laushi, a murza har haske ya dawo. Idan da injin hannu za ka yi, ka sassauta gudunsa, kada ka tsaya wuri ɗaya, domin zafi yana narka robar ya bar ƙuna da ba ta goguwa.

Amma kada ka tsaya nan. Amsar da ke biye ita ce ragowar aikinka.

Tambaya: An goge mini fitilu sun yi kyau ƙwarai, amma ba a yi wata uku ba suka koma rawaya, har sun fi dā. Cutata aka yi?

Amsa: Hajiya, rabin aiki aka yi miki. Gogewa tana cire mataccen fentin kariya, amma ba ta mayar da wani. Robar ta zauna tsirara a rana, dole ta lalace da sauri fiye da farko. Duk mai gyaran da ya goge ya miƙa miki makulli ba tare da ya shafa kariyar UV ba, ki tambaye shi dalili.

Kariyar iri-iri ce, kuma ba su zama ɗaya ba. Akwai ruwan da ke zuwa cikin kwalin gyaran fitila, wanda ake shafawa da ɗan ƙyalle. Yana da sauƙi, amma sai an riƙa sabunta shi kamar shekara-shekara. Kakin goge mota kuwa 'yan makonni yake yi, ba abin dogaro ba ne. Akwai leda mai garai-garai da ake mannawa a kan fitilar, wadda ke tare rana da tsakuwa gaba ɗaya. Wanda ya fi daɗewa a ganinmu shi ne fentin sama marar launi mai haɗi biyu, wanda masu fenti ke kira 2K, irin wanda ake rufe fentin mota da shi. Yakan yi shekaru.

Sai dai 2K yana da ƙa'idarsa. Idan shi za a fesa, ba a kai gogewa 3000, ba a kuma sa man goge fenti; a tsaya a lamba 800, domin fentin yana buƙatar ɗan kaushi ya kama, kuma shi da kansa zai cike zanen, fitilar ta yi garau. A kan roba mai santsi ɓarewa zai yi. Kafin fesawa a share da sinadarin isopropyl, wani nau'in sifirit mai saurin bushewa, a bari ta bushe sarai. A fesa siriri da farko, a jira kamar minti 10, sannan a bi da biyu masu ɗan kauri. Idan aka cika hannu zai zubo, idan aka tsaya nesa da yawa zai bushe a iska ya sauka da kaushi. A bar ta kwana ɗaya ba ruwa ba ƙura. Wannan fenti yana da guba ga huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. Wanda ba shi da takunkumin masu fenti na ainihi, gara ya goge da kansa ya kai wa mai fenti ya fesa.

Tambaya: Wasu sun ce man goge baki yana yi, wasu man birki, wasu maganin sauro. Wanne ya fi?

Amsa: Man goge baki yana da ɗan gari mai laushi a ciki, don haka yana rage hazo mai sauƙi, ba ya kuma cutarwa, sai dai bai isa ya cire fentin da ya ɓare ba, kuma ba ya barin kariya. Man birki da sauran mayuka cike ramuka kawai suke yi, su ruɗi ido na 'yan kwanaki, kuma man birki yana cin fentin mota idan ya ɗiga. Maganin sauro mai ɗauke da sinadarin DEET narka saman robar yake yi, ya bar ta da danƙo. Tina, fetur da asiton (ruwan goge fentin farce) kuwa kada su kusanci fitilarka ko kusa. Suna sa folikabonet ya yi fari ya tsattsage.

Tambaya: Ni hazon fitilata a ciki yake, har ina ganin ɗigon ruwa.

Amsa: Samfefa ba ta da aiki a nan, Malam. Fitila tana da ƙananan ƙofofin shan iska a baya, don haka ɗan gumi bayan wanki ko ruwan sama ba matsala ba ne, in dai ya ɓace bayan an kunna fitila na kamar rabin awa. Idan ɗigo ne manya ko ruwa ya kwanta a ƙasa, duba murfin robar da ke bayan ƙwai ko ya zauna daidai, duba ƙofofin iskar ko sun toshe, sannan ka bi bakin da robar gaba ta haɗu da akwatin, ka nemi inda gam ya saki. A busar da cikin sarai kafin a toshe, in ba haka ba ruwan ka kulle a ciki.

Idan kuma ka haska tocila ka ga ƙananan tsage-tsage sun shiga cikin naman robar, ko madubin da ke bayan ƙwai ya ƙone ya yi baƙi, sai dai sauyi. Ƙonewar madubi sau da yawa daga ƙwai mai wat 100 take zuwa, a inda kamfani ya sa mai wat 55 ko 60. Idan ka sayi sabuwar fitila, ka mayar da ƙwan da littafin motar ya faɗa, kuma a daidaita mata saiti kafin ka hau titi da dare.