Amsa ga mai tambaya kan tafiya digirin digirgir a waje

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka tun daren jiya: ka gama digiri na biyu a fannin ƙananan halittu, kana koyarwa a nan Sakkwato, wani farfesa a waje ya nuna zai karɓe ka, kana son sanin ko tafiyar za ta canja maka rayuwar bincike ko gara ka yi a gida. Na taka wannan hanyar, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Ni a Malesiya na yi nawa, shekara huɗu, a kan cututtukan tsirrai. Ban yi nadamar tafiya ba ko da rana ɗaya, amma na yi kuskure guda da nake so ka kauce masa. Da na isa, malamina yana da kuɗin bincike a kan wata funfuna, Ganoderma, mai ruɓar da gindin itacen kwakwar manja. Can ƙasar manja ce, ita da Indonesiya ne kan gaba a duniya, don haka kuɗi na nan, kayan aiki na nan. Na karɓi aikin hannu bibbiyu ba tare da na tambayi kaina me zan yi da shi in na dawo ba. Na dawo garin da ko itacen manja ɗaya babu. Kusan shekara biyu ina shiga aji ina fita, ban rubuta komai nawa ba, sai guntayen abin da na taho da shi.

Abin da ya tashe ni wani kawuna ne mai noman albasa a gefen Goronyo. Na kai masa ziyara bayan girbi, ya ɗaga mini ciyawar da ke rufe rudunsa, wato ma'ajiyar albasarsa, ya zaro albasa guda ya ɓare ɓawon sama. Baƙin gari ne fal a tsakanin ɓawon, kamar an barbaɗa toka. Ya ce, “Ɗana, an ce ka karanto ciwon shuka. To wannan fa?” Na ɗauko guda goma a buhu. Aspergillus niger ce, funfunar da zafi ke ƙara wa ƙarfi, ga mu kuwa a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Daga ranar na samu aikin yi. Kuma a nan ne na gane abin da na kwaso daga waje: yadda ake ware ƙwayar cuta a tsarkake ta, yadda ake tsara gwaji da maimaici don kada sakamako ya yaudare ka, yadda ake rubuta littafin ɗakin gwaji kullum da kwanan wata. Itacen ya canja, hannun bai canja ba.

Wannan horon shi ne riba ta farko. Duk mako akwai zaman ƙungiya, ka tsaya gaban malami da 'yan uwanka ɗalibai ka nuna abin da ka yi, har da wanda ya lalace. Yarinya 'yar digiri na biyu za ta ce maka ba ta yarda da lissafinka ba, kuma dole ka amsa da hujja. Mu da muka taso da kawaici ga na gaba, wannan yana da nauyi da farko. Daga baya za ka ga shi ke gyara aiki. Yau ɗalibaina ma haka nake zama da su duk Laraba.

Riba ta biyu mutane ne. Wanda kuka kwana tare kuna jiran na'urar PCR, mai ninka DNA (sinadarin gadon halitta), ta gama, gobe shi ne malami a wata ƙasa. Har yanzu samfurin da nake son a karanta jerin DNA ɗinsa, ta hannun abokin da muka yi benci ɗaya yake bi. Neman tallafin bincike na ƙasa da ƙasa ma yakan bukaci abokin aiki daga wata jami'a, kuma ba a samun irin wannan ta wasiƙa ɗaya.

Kayan aiki kuwa, kada ka ɗora ranka a kansu, can za ka baro su. Akwai daren da wuta ta ɗauke mana kwana uku, janareto ba mai, firij ya huce, ƙwayoyin da na tara wata takwas suka mutu. Na zauna a ƙasa na rasa abin cewa. Tun daga nan nake ajiye kowace ƙwaya wuri biyu, wasu a busasshiyar takardar tacewa, kuma muka haɗa kuɗi muka sa wa firij ɗaya sola. Saboda haka in ka je, kada ka tsaya ga danna maɓalli kawai. Ka koyi haɗa sinadaranka da hannu, ka tambayi ma'aikacin ɗakin gwaji yadda ake yi kafin na'urar ta zo.

Batun kuɗi: TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da ɗaukar nauyin karatun waje daga farkon 2025, bayan tsadar canji da ta biyo sakin naira a 2023 da kuma rashin dawowar wasu. Don haka ka tabbatar a rubuce wa zai biya kuɗin makaranta, wa zai biya na abinci da haya, har shekara nawa. Ka duba masu ba da tallafin karatu irin su DAAD ta Jamus, da TWAS, cibiyar kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, da Commonwealth ta Birtaniya. Ita Commonwealth tana da tsarin da za ka yi rajista a jami'ar gida, ka je Birtaniya wata 12 ka yi ɓangaren da ba ya yiwuwa a nan. In kana da iyali da tsofaffi, wannan tsarin ya cancanci ka zauna ka yi tunani a kansa sosai. Na baro 'yata tana rarrafe, na tarar tana zuwa Islamiyya, kuma wannan ba abin da za a raina ba ne.

Kafin ka ce wa farfesan to, rubuta masa shafi ɗaya da tambayar da ka ɗauko daga nan: ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani a rijiyoyinmu, ko sanƙarau, ko cutar jar akuya, duk wanda ya fi kama zuciyarka. Ka tambaye shi ko zai yarda samfurin ya fito daga Sakkwato, ka zo ka tattara da kanka. In ya yarda, fara neman takardun izinin fitar da samfur da wuri, suna cin lokaci. Ka kuma nemi ɗalibansa biyu da suka gama ka ji yadda yake riƙe mutane, ko yana karanta rubutu a kan kari.

In ka rubuta shafin, turo mini ta akwatin saƙo in duba maka kafin ka aika. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri.